Burodin da Ya Sha Guga

Tun da Mai Guga ya yi aure bai taɓa sanin inda ake ajiye ashana a gidansa ba. Ba lalaci ba ne. Rabon aiki ne suka yi shi da matarsa tun suna zaman ɗaki ɗaya: kicin nata, teburin guga nasa, kowa ya tsaya a iyakarsa. Gidan ba wani babba ba ne. Shagon gugar ne a gaba yana kallon titi, ƙofa ɗaya ta raba shi da falo, daga falo sai kicin da ɗakin kwana. Amma in ka ga yadda suke tsare iyakar nan, sai ka rantse ƙasa biyu ce. Ita ba ta yarda ya ɗaga mata murfin tukunya, shi kuwa ko kofin shayi aka ɗora masa a tebur sai ya wuni yana mita. Akwai ranar da ta ajiye farantin soyayyen ƙwai a gefen teburin don ta gyara ɗaurin ɗankwali, ya ɗauke farantin da yatsu biyu yana yatsina fuska, ya ce maiƙo da dutsen guga ba sa zama ɗaki ɗaya. Ta riƙe maganar nan shekara da shekaru, kowane faɗa za su yi sai ta fito da ita ta karkaɗe.

Shugaba yake kiran ta, kuma sunan ya bi ta har wajen maƙwabta. Mace ce da ba ta iya roƙo ba, umarni kawai ta iya. Gobe za a wanke labule. Gobe za ka kai wa mai gyara rediyon nan. Kullum da goben da ta tsara wa gidan, shi kuma ya ce to, ranki ya daɗe, ya koma kan gugarsa.

To, yanzu Shugaba tana kwance. An yi mata aiki, an bi ta da magani mai ƙarfi, likita ya ce ciwon ya ja da baya. Sai dai maganin ya tafi da bakinta. Duk abin da ta sa a baki sai ta ce auduga take taunawa, ta ture kwanon. Ta rame har zoben hannunta yana yawo. A zuwansu na ƙarshe likita bai ɓoye musu komai ba, ya ce in suka dawo ranar Litinin ba ta fara cin abinci ba, zai kwantar da ita a sa mata roba ta hanci. Mai Guga ya tambaya me za a ba ta, me za a hana ta. Likita ya ce babu abin hanawa, duk abin da bakinta ya karɓa a ba ta.

A motar haya suna komawa gida ta ce, tana kallon taga, "In aka sake kwantar da ni a gadon can, kada ka jira ni."

Ba kuka ta yi ba. Ta faɗa ne yadda take faɗa masa gas ya ƙare. Daga ranar ba ta sake tsara wa kowa gobe ba. Da yayarta ta zo dubiya, sai ta ce mata ta ɗauki babbar tukunyar nan ta kan kanta ta tafi da ita, tunda ita ce mai jikoki da yawa. Yaya ta ƙi, Shugaba ta kafe, tukunya ta tafi. Duk lokacin da Mai Guga ya wuce ƙofar kicin sai idonsa ya faɗa kan gurbin da ta bari.

Yaya kam ba ta gaza ba, kowace safiya tana tafe da kula. Romo marar gishiri, dankalin da aka dame ya zama ruwa, shinkafar da ta dahu har ta manta ita shinkafa ce. Yaji kuwa ko ƙamshinsa, don a wajen Yaya marar lafiya ba ya cin yaji, kuma likitan da zai ce ba haka ba bai gama karatu ba. Alhali Shugaba mace ce da take ɗora ɗanyen barkono a gefen faranti tana gutsura kamar mai cin gyaɗa.

Ran Juma'a da safe ya shiga ɗauko kofin da ya kai mata, ya tarar shayin yana nan har ya yi fata. Tana kwance rigingine tana kallon silin.

"Ka tuna shagon nan na tsallaken asibiti?" ta ce. "Ranar da aka fara ɗibar jinina."

"Na tuna. Inda kika yi wa yarinyar shagon faɗa a kan cokali."

"Burodin nan da suka gasa da cuku a ciki, da barkono. Na ce abincin yara ne." Ta lumshe ido. "Shi ne abu na ƙarshe da na ji ɗanɗanonsa."

Ya tsaya da kofi a hannu yana jiran ta ce je ka kawo min. Ba ta ce ba, ta juya ta fuskanci bango. Wannan ya fi komai ba shi tsoro, don Shugaba ba ta taɓa son abu ta yi shiru ba.

Ya ja ƙofar shago ya nufi kantin kan kwana. Tun a hanya ya shirya cewa mota zai shiga zuwa wancan gefen gari ya sayo, amma mai kanti ya kashe masa hanzari.

"Kafin ka iso gida ya zama takalmin roba. Abin nan da zafinsa ake ci. Ka yi da kanka mana, ai ba wani aiki ba ne."

"Ni?"

"Kai fa. Burodi biyu, cuku a tsakiya, bota a waje, ka ɗora a kasko. Yarana ma suna yi." Ya ɗauko masa burodi mai yanka-yanka, da bota, da cuku mai falle-falle. Har ya juya zai fita, mai kanti ya kira shi. "Mai Guga! Ka cire ledar kowane falle fa. Na san ka."

Ya tsaya wajen mai kayan miya ya zaɓi barkono jajaye, ƙanana, irin waɗanda yake ganin Shugaba tana zaɓa.

Ashana tana cikin gwangwanin da aka rubuta wa sukari. Sai da ya buɗe gwangwanaye kusan duka kafin ya gano, kuma kowanne ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka, da fuskarsa tana kallon inda take kallo, kamar mai tsoron a kama shi. Ya kunna gas, wuta ta tashi da ƙarfi, ya bar ta haka, don shi a saninsa wutar girki wuta ce kawai, babu babba babu ƙarama. Ya ɗora kasko, ya shafa bota, ya haɗa burodi da cuku ya ajiye. Kafin ya gama neman abin juyawa ƙauri ya tashi. Ya juya, ƙasan ya yi baƙi ƙirin, ya buɗe ciki, cukun yana nan da sanyinsa na firji, ko gezau bai yi ba.

Na biyu ya rage wutar, amma ya rikice ya shafa botar a ciki, burodin ya manne a kasko, da ya zo ɗagawa ya yage gida biyu. Na uku ya tuna da barkono. Ya yanka ya barbaɗa a kan cukun, wajen juyawa rabinsa ya zube a kasko mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe. Ya fara tari, idonsa yana ruwa, yana laluben sakatar taga.

A haka Yaya ta shigo da kularta.

"Innalillahi! Gobara ake yi? Baban yara, me ya kai ka kicin?" Ta ajiye kula ta kashe gas tana tari. Ta dubi baƙaƙen burodin da ya jera a faranti, ta dubi barkonon da ke kan katako. "Wannan kuma wa za a ba? Kashe min ƙanwa za ka yi?"

"Ita ta ambata, Yaya."

"Marar lafiya ai komai ambata yake yi. Kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa dafawa ba. Matsa ka ba ni wuri, ga romo na kawo."

Kunnensa ba ya wajenta. Yana sauraron ɗakin kwana ne. A da, cokali ya faɗi a kicin ɗin nan Shugaba za ta ɗaga murya daga ko'ina take ta tambayi wane ne. Yau an ƙona mata kasko, an cika mata gida da hayaƙin barkono, ana ta hayaniya a kan murhunta, amma ko tari ba ta yi ba. Baƙin ciki ya kama shi, ya dafa kantar kicin ya tsaya.

Burodin da ya rage bai fi a yi sau ɗaya ko biyu ba. Ya ɗauki na farkon da ya ƙone yana juya shi a hannu, baƙi a waje, ɗanye a ciki. Sai ya ga ai ya san wannan matsalar. Ita ce ta wuyan kwat mai kauri: in ka ba shi wuta da yawa, saman ya ƙone cikin bai bushe ba. Abin da yake so wuta ce matsakaiciya, da nauyi, da wani abu a tsakani, da haƙuri. Laifin kasko shi ne bai san shi ba. Ba ya iya kara shi kusa da kumatu ya ji zafinsa, ba ya iya danna shi, wutar tana ƙasa inda ba ya gani.

Ya wanke katakon yanka ya goge. Ya ɗora burodi, cuku, bota da barkono a kai, ya ɗauka da hannu biyu ya fita.

"Ina kuma za ka?" in ji Yaya.

Ya ratsa falo, ya tura ƙofar shago da ƙafa. Yaya ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa, don ita ma ta san dokar ɗakin nan. Ya kwashe fararen rigunan wani malamin makaranta daga tebur ya rataye su can nesa, ya ajiye katakon a tsakiyar teburin da ko kofin shayi bai taɓa kwana a kai ba. Ya yago takarda daga wadda yake naɗe kayan mutane in ya gama. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko babban dutsen gugarsa, mai jar igiya, wanda ya fi kowanne nauyi, wanda ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa ba. Ya tsiyaye ruwan da ke cikinsa, ya jona, ya murɗa shi zuwa wutar da yake ba ulu.

A nan kam ya san abin da yake yi. Ya shafa bota a bayan burodin har gefe-gefe, siriri, babu inda ya fi wani. Ya cire leda ya shimfiɗa falle ɗaya na cuku. Ya yanka barkono ƙanana-ƙanana, ya tsaya yana tunanin 'ya'yan cikin, sai ya tuna yadda Shugaba take hararar duk mai cire su, ya bar su. Ya jera barkonon a kan cukun, ya rufe da wani fallen, don kada ya sake zubewa yadda ya yi a kasko. Ya ɗora ɗayan burodin, ya lulluɓe da takarda sama da ƙasa, ya shafe ta da tafin hannu. Kafin ya ankara hannunsa ya ɗauko gorar fesa ruwa, har ya fesa sau ɗaya.

Yaya ta fashe da dariya, dariyar da rabon a ji ta a gidan tun kafin a yi aikin. "Sai ka sa masa sitaci kuma!"

Ya ajiye gorar da kunya, ya canza takardar. Ya kara dutsen kusa da kumatunsa, ya jira kaɗan, ya sake karawa. Sannan ya fara da gefuna, yadda yake fara wuyan riga, yana danna su da hancin dutsen har suka manne, cukun ya rasa hanyar fita. Da ya gama zagayawa ya ɗora dutsen gaba ɗaya a tsakiya ya sakar masa nauyin kafaɗarsa, ba da yawa ba. Bota ta fara ƙara. Takardar ta jiƙe, maiƙon ya ratso ta ya hau ƙarfen. Yana ji, yana gani, kuma ya san maiƙon yana shiga ƙananan ramukan da tururi ke fita, inda tsumma ba ya kaiwa. Abin ya yi masa ciwo, ba zai ce bai yi ba. Bai ɗaga hannunsa ba.

Ƙamshi ya cika shagon. Ya ɗaga, ya juya burodin da takardarsa, ya yi wa ɗaya gefen haka. Wata mata ta leƙo daga titi da ƙullin kaya a hannu, ta ga abin da ake gogewa, ta ce za ta dawo an jima.

Da ya ɓare takardar, burodin ya yi ja mai kyau, ya kwanta lif, cuku yana leƙowa ta wata kusurwa. Sai dai ga siffar dutsen guga nan ɓaro-ɓaro a kansa, da hancinsa mai tsini, da layin ɗige-ɗige farare inda ramukan suka zauna. Ya juya shi don ya ɓoye, ɗaya gefen ma haka.

"Ka yanka shi mana," in ji Yaya. Ba ta sake maganar romo ba.

"Zai huce."

Ya ɗora a faranti ya wuce ta da sauri.

Shugaba tana nan yadda ya bar ta. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ranki ya daɗe, a tashi." Ya tallafa ta ya jingina ta da filo, ya ɗora mata farantin a cinya. Ta dube shi ba tare da sha'awa ba, yadda take duban kowane kwano. Sai idonta ya tsaya. Ta sa yatsa ta bi siffar tun daga hancin har ƙasa, ta bi ɗige-ɗigen.

"Da wanne?" ta ce.

"Da babban."

"Mai jar igiya?"

"Shi."

"A kan teburin?"

"A kan teburin."

Ta ɗago ta dube shi sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. "Ba kai ka ce maiƙo da dutsen guga ba sa zama ɗaki ɗaya ba?"

"Yau sun zauna. Ki ci kafin ya huce."

Ta ɗauka da hannu biyu ta gutsura. Cukun ya biyo bakinta ya yi tsawo, ta tsinke shi da yatsa. Ta daɗe tana taunawa. Shi kuwa ya ƙura wa maƙoshinta ido, yana jiran ko za ta haɗiye ko za ta nemi tasa. Ta haɗiye.

"Cukun ban ji shi ba," ta ce. "Burodin ma audugar ce."

Ya miƙa hannu zai ɗauke farantin, ta buge hannun. Ta sake gutsura, babba, daga tsakiya. Can sai ta ja hanci. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki tana shan iska.

"Amma barkonon nan ya iso. Ba ni ruwa."

Ya zuba mata da gaggawa har ya jiƙa zanin gado, ba ta ko kula ba. Ta sha ta koma kan burodin. Yaya tana bakin ƙofa rungume da kularta, tana share ido da gefen mayafi. Shugaba ta ci fiye da rabi, ta jingina tana mayar da numfashi kamar wadda ta hau bene.

Ta juya ragowar a faranti ta nuna masa wata kusurwa. "Nan bai gasu ba, ka yi gaggawa. Gobe ka daɗe a kansa. Kuma ka kai barkonon har gefe, ba ka tara shi a tsakiya kamar mai rowa ba."

"To, ranki ya daɗe."

Ya ɗauki farantin ya fita da sauri don kada ta ga fuskarsa. A falo ya tsaya. Ya san rabin burodi ba zai cika wa likita ido ran Litinin ba, da sauran aiki, da sauran gardama. Amma ta ce gobe, kuma ta faɗa da muryar da ya sani. Daɗi ya kama shi, ya zauna a hannun kujera.

Da ya koma shago dutsen ya huce. Ya goge shi da tsumma, ya sake gogewa, ya jona ya gwada a kan wani tsohon ƙyalle fari. Ɗige-ɗigen maiƙo suka fito a jere. Ya san haka zai riƙa yi, ba zai sake hawa rigar kowa ba. Ya durƙusa ya jawo ƙaramin tsohon dutsen da ke ƙarƙashin tebur, wanda ya daɗe da yi wa ritaya, ya busa masa ƙura. Da shi zai ƙarasa rigunan malamin, ko da zai kai yamma.

Babban kuwa ya naɗe masa jar igiyarsa, ya rungume shi ya kai kicin. Ya duba ko'ina babu wuri sai gurbin da babbar tukunya ta bari a kan kanta. Ya ɗaga ya ajiye shi a nan, gindinsa ya bugi murfin wata tukunya, ƙara ta tashi.

"Wa ke taɓa min kanta?"

Muryar ta ratso bango, ta shaƙe amma ta iso.

"Ni ne, Shugaba. Dutsen nake ajiyewa."

"Ba nan ba. Ka sa shi ƙasa kusa da kasko, wurin nan da mai shi." Ta yi tari, ta ƙara ɗaga murya. "Yaya! Tukunyata da kika tafi da ita, a dawo min da abata."